KOREN TANGARAN NA LONGQUAN: TARIHIN DURƘUSHEWAR WATA SANA'A DA FARFAƊOWARTA A ƘASAR SIN

1.0 GABATARWA

A ranar 30 ga Satumba, 2009, Hukumar UNESCO ta sanya fasahar gasa koren tangaran ta garin Longquan cikin jerin al'adun ɗan'adam waɗanda ake gada ta hanyar koyo da aiki. Longquan, wanda furucinsa ya yi kusa da Lungcuwan, gari ne da ke cikin tsaunukan kudu maso yammacin lardin Zhejiang na ƙasar Sin. Duk wanda ya ga tulunan ado da maginan garin suke fitarwa a wannan zamani, ya kuma gwada su da waɗanda aka gina shekara ɗari takwas da suka wuce, zai ɗauka cewa sana'ar ta gangaro ne daga kaka zuwa jika ba tare da yankewa ba. Tarihi bai nuna haka ba. Sana'ar ta bunƙasa, ta mamaye kasuwannin duniya, sa'an nan ta durƙushe har aka rasa mai iya fitar da launin da ya ɗaukaka ta. A tsakiyar ƙarni na 20 ne aka sake tono ta.

Wannan maƙala za ta bi diddigin wannan tarihi domin ta nuna cewa ilimin sana'a yana zaune ne a hannun masu yin ta da bakinsu, kuma idan suka ƙare sunan abu kan wanzu alhali sanin yadda ake yin sa ya ɓace. Za a fara da sunayen da al'ummomi suka ba wannan tangaran, a dubi asalinsa da bunƙasarsa da fataucinsa, sa'an nan dalilan durƙushewarsa da yadda aka farfaɗo da shi, a ƙare da halin tulunan zamani. A cikin bayanin, "ruwan ƙyalli" na nufin haɗin da ake shafa wa jikin tangaran kafin a gasa shi, wanda wuta kan narkar ya zama kamar gilashi. "Tanderu" kuwa shi ne ginin da ake gashin a cikinsa.

2.0 SUNAYEN TANGARAN DA ABIN DA SUKE NUNAWA

Sinawa suna kiran wannan tangaran qingci. Ci na nufin tangaran mai ƙarfi da aka gasa da wuta mai tsanani. Qing kuwa tsohuwar kalmar launi ce mai faɗin ma'ana, domin ta ƙunshi launin ɗanyar ciyawa da na sararin sama, a wasu wuraren ma har da baƙin gashi. Inda Bahaushe zai rarrabe ya ce kore ko tsanwa ko algashi ko shuɗi, tsohon Basine kalma ɗaya yake kawowa. Wannan ba abin mamaki ba ne ga mai nazarin harshe, tun da Hausa ita ma takan kira tufar da ta sha baba sosai baƙa, alhali shuɗi ne ya yi duhu. Faɗin ma'anar qing ya dace da tangaran ɗin kansa, saboda launinsa yana kai-kawo ne tsakanin kore da shuɗi da ruwan toka.

Turawa kuwa seladon suke ce masa. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne cewa sunan ya fito daga Céladon, wani makiyayi a cikin littafin L'Astrée na marubucin Faransa Honoré d'Urfé, wanda aka buga kashi-kashi daga 1607 zuwa 1627. An san makiyayin da ado mai launin kore fatsi-fatsi. Akwai kuma masu ganin cewa sunan Sarki Salahuddin al-Ayyubi ne aka jirkita, bisa labarin cewa a 1171 ya aika wa Nuruddin, Sarkin Sham, kyautar irin wannan tangaran guda 40.

A Farisa da ƙasar Turkiyya sunan da ya bi shi shi ne martabani, daga Martaban, wata tashar jiragen ruwa a ƙasar Bama inda fatake suke sauke kaya su sake lodi. Ashe ke nan waɗannan al'ummomi sun raɗa wa haja sunan zangon da ta biyo, ba na garin da aka gina ta ba. Japanawa su kuma suna kiran mafi kyawunsa kinuta, wato sandar bugun tufafi irin ta 'yan bugu, saboda wani tulu mai dogon wuya da faffaɗar kafaɗa wanda ya yi kama da ita. Hausa ba ta keɓe wa wannan iri suna ba. Tana dai da tangaran, tana kuma da faɗi-ka-mutu, sunan da ya dubi saurin fashewar kayan. Kowace al'umma, ke nan, ta sa suna ne gwargwadon ɓangaren da ta sani.

3.0 ASALI: TANGARAN NA YUE DA "LAUNIN SIRRI"

Tun zamanin daular Shang, fiye da shekara 1,000 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), maginan ƙasar Sin sun lura cewa tokar itace da ke sauka kan tukwane a cikin wuta mai tsanani takan narke ta bar wani ƙyalli mai ɗan kore. Daga nan suka fara haɗa toka da yumɓu suna shafawa da gangan. Sana'ar ta nuna sosai a zamanin daular Han ta Gabas (25 zuwa 220 Miladiyya), a yankin Shangyu na arewacin Zhejiang. Kayan wannan yanki su ake kira tangaran na Yue.

A zamanin daular Tang (618 zuwa 907) shan shayi ya yaɗu, darajar kwanukan Yue ta ƙaru. Lu Yu, wanda ya rubuta shahararren littafi a kan shayi wajen shekarar 760, ya fifita su a kan fararen kwanukan Xing na arewa, ya kamanta su da ƙanƙara da kuma dutsen yu. Yu wani koren dutse ne mai santsi wanda Sinawa suka ɗauke shi sama da zinariya, suka mai da shi alamar nagartar hali. Tun daga lokacin burin magini ya zama ya fitar da yumɓu mai kama da wannan dutse a ido da kuma a hannu.

A wannan zamani ne aka sami kalmar mise, wato "launin sirri", sunan zaɓaɓɓen tangaran na Yue da ake kai wa fada. Kalmar ta wanzu a littattafai kusan shekara dubu, masana suna ta gardama a kan abin da take nufi, domin babu wanda zai iya nuna kwano ya ce ga shi. A 1987 aka buɗe wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa a wurin bauta na Famen da ke lardin Shaanxi, wanda aka rufe tun 874. A ciki aka tarar da allon dutse da ya lissafa kayan da fada ta ajiye, har da tangaran na mise guda 13, ga kuma kayan nan a ajiye. Gani ya kori ji. Tonon da aka yi daga 2015 zuwa 2017 a Housi'ao, bakin tafkin Shanglin, ya ƙara bayyana dabarar: ana sa kowane kwano cikin akushin yumɓu mai murfi, a liƙe bakin da ruwan ƙyalli yadda iska ba za ta shiga ba, bayan gashi sai an fasa akushin kafin a fitar da kwanon.

4.0 BUNƘASAR LONGQUAN A ZAMANIN SONG

A zamanin daular Song ta Arewa (960 zuwa 1127) fada ta fi son tangaran na Ru, wanda aka gina a lardin Henan cikin ɗan lokaci kaɗan. Abin da ya rage daga cikinsa a duniya bai kai guda 100 ba, shi ya sa a gwanjon da kamfanin Sotheby's ya yi a Hong Kong a 2017 aka sayar da wani ɗan ƙaramin kwano nasa kan kuɗin da ya kai dalar Amurka miliyan 37.7. A 1127 mayaƙan Jin suka ci birnin Kaifeng, gidan sarauta ya yi hijira kudu, ya kafa sabuwar fada a Hangzhou cikin lardin Zhejiang. Fadar ta zo da ɗanɗanonta na son launi mai laushi da siffa marar tarkace, ta zo kuma da bukatar kuɗin shiga daga fataucin teku. Waɗannan abubuwa biyu su suka ɗaga Longquan.

Yankin yana da duk abin da sana'ar ke bukata. Akwai dutsen tangaran da ake dakawa, akwai wata jar ƙasa mai yawan ƙarfe da ake kira zijin, ga dazuzzuka na itacen wuta, ga rafuka masu juya turamen daka, ga kuma Kogin Ou da ke kai kaya zuwa tashar Wenzhou. An gano kufan wuraren gashi kusan 500 a yankin, mafi shahara su ne na Dayao da Jincun da Xikou.

4.1 Tanderu da Wuta

Maginan suna amfani da irin tanderun da ake kira longyao, wato tanderun macijin almara. Dogon rami ne mai rufin tubali da ake ginawa a jikin gangaren tudu, tsawonsa kan kai mita 50 ko fiye, yana kuma ɗaukar dubban kaya a gashi ɗaya. Ana hura wuta daga ƙasa, zafi ya riƙa hawa, ana ƙara itace ta ƙofofin gefe daki-daki. Zafin kan kai wajen digiri 1,300 a ma'aunin Salshiyas.

Koren launin ba fenti ba ne. Yana fitowa daga ɗan ƙarfen da ke cikin ruwan ƙyalli, wanda bai cika wuce kashi 2 ko 3 cikin ɗari ba. Idan wuta ta sami iska wadatacciya, ƙarfen kan ba da launin rawaya ko ƙasa-ƙasa. Idan aka toshe iska a daidai lokacin da ya kamata, wutar takan zuƙe iskar oksijin daga cikin ruwan ƙyallin, sai ƙarfen ya juya kore ko shuɗi. Magini na wancan zamani ba shi da ma'aunin zafi, launin harshen wuta da hayaƙi kawai yake karantawa. Kuskuren ɗan lokaci kan ɓata aikin wata da watanni.

4.2 Ruwan Ƙyalli

Babban ci gaban zamanin Song ta Kudu (1127 zuwa 1279) shi ne sauya haɗin ruwan ƙyalli. An rage farar ƙasa, an ƙara abubuwan da ke sa shi kauri a cikin wuta yadda ba zai zube ba. Daga nan aka riƙa shafawa ana gasawa sama-sama, a sake shafawa, har sau uku ko huɗu, ta yadda a wasu kayan kaurin ƙyallin ya fi na jikin yumɓun. Ƙananan kumfa da ɓarɓashin dutse da suka maƙale a ciki su ke watsa haske, su ba shi laushin nan irin na dutsen yu. Launuka biyu suka yi fice: fenqing, mai shuɗi-shuɗi da hazo, da meiziqing, koren ɗanyen ɗan itacen mei, wanda ke bukatar wuta mafi zafi.

Akwai kuma rabe-raben ge da di, wato wa da ƙane. Littattafan zamanin Ming sun kawo labarin wasu 'yan'uwa biyu na gidan Zhang, kowa da tanderunsa: kayan wan masu baƙin jiki ne da zanen tsaga a ƙyallinsu, na ƙanen masu farin jiki ne sumul. Masana suna ɗaukar labarin a matsayin hikaya, amma sunayen biyu sun zauna. Ita tsagar tana faruwa ne saboda ƙyalli ya fi jikin yumɓu tsukewa lokacin hucewa. Aibi ne a asali, magina suka mai da shi ado.

5.0 FATAUCI A ZAMANIN YUAN

A ƙarƙashin daular Yuan ta Mongol (1271 zuwa 1368) sana'ar ta juya ga kasuwar waje. Aka shiga gina manyan farantai masu dacewa da al'adar cin abinci a taru a ƙasashen Musulmi, da manyan tuluna na wuraren bauta, irin wanda ke Landan cikin tarin Percival David mai ɗauke da shekarar 1327. Babbar shaidar girman cinikin ita ce jirgin ruwan da ya nutse kusa da Sinan a gaɓar Koriya, wanda wani masunci ya yi dalilin gano shi a 1975, aka yi aikin tsamo kayansa daga 1976 zuwa 1984. Jirgin ya taso ne daga Ningbo zuwa Japan a 1323, ɗauke da tangaran fiye da 20,000, kusan kashi 60 cikin ɗari na Longquan ne.

Ta yamma kuwa kayan sun isa Indiya da Farisa da Masar. An tono tsingaronsu da yawa a kufan Fusɗaɗ, tsohon birnin Alƙahira, inda maginan Masar suka yi ta kwaikwayon launin da nasu yumɓu. An same su a Kilwa da sauran garuruwan gaɓar Afirka ta Gabas, inda ake manna kwanukan Sin a bangon masallatai da kaburburan manya. Fadar Topkapı da ke Istanbul tana da fiye da 1,300. Wani abin da ya ƙara musu farin jini a fadojin sarakuna shi ne camfin cewa farantin seladon kan tsage ko ya sauya launi idan aka zuba masa abinci mai guba.

6.0 DURƘUSHEWA

A farkon daular Ming (1368 zuwa 1644) Longquan tana nan da ƙarfinta. Tonon da aka yi a Fengdongyan cikin 2006 da 2007 ya tabbatar da cewa an gina wa fada kaya a can. Amma a 1464 sabon sarki ya ba da umarnin janye jami'an fada masu kula da gashin tangaran a yankin. Kafin nan ma yankin ya sha wahalar tawayen masu haƙar azurfa a shekarun 1440. Bugu da ƙari, hukumar Ming ta taƙaita fataucin teku na masu zaman kansu, sa'an nan ɗanɗanon masu saye a gida da waje ya koma ga farin tangaran mai shuɗin zane na garin Jingdezhen.

Da ciniki ya ja baya sai magina suka shiga rage tsada. Aka daina shafa ƙyalli sau da yawa, jikin kaya ya yi kauri, launi ya dushe. Abin da aka daina yi kuwa ba a koya wa yaro shi. Haɗin ruwan ƙyalli sirrin gida ne, uba ke faɗa wa ɗa, ba a rubutawa, saboda haka duk gidan da ya bar sana'ar ya tafi da nasa sani.

Wani kwano da ke gidan adana kayan tarihi na Tokyo, mai suna Bakōhan, yana ɗauke da labarin da ya dace da wannan. Kamar yadda wani malamin Japan, Itō Tōgai, ya rubuta a 1727, kwanon ya tsage a hannun shugaba Ashikaga Yoshimasa a ƙarni na 15, sai ya aika da shi Sin a musanyo masa irinsa. Aka dawo masa da shi an ɗinke tsagar da ƙusoshin ƙarfe, domin ba a iya yin kamarsa kuma. Ko da labarin yana da ƙari, ya nuna abin da masu saye suka fahimta. Zuwa ƙarshen daular Qing (1644 zuwa 1912) wuraren gashi 'yan kaɗan suka rage, suna fitar da kayan amfanin ƙauye.

7.0 FARFAƊOWA A ƘARNI NA 20

Abubuwa uku suka haɗu kafin sana'ar ta dawo. Na farko shi ne tsingaro. Daga 1928 wani likita mai suna Chen Wanli (1892 zuwa 1969) ya yi ta kai ziyara Longquan, yana bin kufai a ƙafa, yana tsintar tsingaro yana gwada su da abin da littattafai suka faɗa. Aikinsa ne ya fitar da nazarin tangaran na Sin daga ɗakin karatu zuwa fili.

Na biyu shi ne ragowar masu sana'a. A farkon ƙarnin, dillalan kayan tarihi sun yi ta sayen tsoffin kayan da ake tonowa da tsada. Wannan ya sa wasu gidaje a ƙauyukan Baoxi, musamman na Li da Zhang da Gong, suka shiga gwajin kwaikwayon kayan Song a ɓoye. Neman abinci ne ya sa su, amma ta haka wani yanki na sanin ya tsira.

Na uku shi ne hukuma da ɗakin gwaji. A 1957 Firayim Minista Zhou Enlai ya ba da umarnin a maido da shahararrun tangaran na da, a fara da Longquan da Ru. Aka tattara tsoffin maginan a masana'antar gwamnati da ke Shangyang. Masu tonon kufai ƙarƙashin Zhu Boqian suka yi aiki a Dayao da Jincun wajen 1960, masana kimiyya irin su Zhou Ren na Shanghai suka auna sinadaran tsingaron. Ɗakin gwaji ya faɗi abin da ke cikin ƙyallin, amma bai faɗi yadda za a sarrafa wuta ba. Wannan sai da tsoffin hannaye da gwaji bayan gwaji. A 1959 aka sami nasarar fitar da irin di, irin ge kuma ya biyo baya a farkon shekarun 1960.

8.0 TULUNAN ZAMANI

Manyan maginan da suka yi suna daga baya yaran wannan masana'anta ne. Xu Chaoxing, wanda aka haifa a 1943, ya shiga koyo a 1956 yana ɗan shekara 13, ya yi aiki a hannun Li Huaide na Baoxi. Ya shahara da dabarar tiaodao, inda ake barin siririyar wuƙa tana tsalle a jikin kwano yana juyawa, ta bar dubban ƙananan zane a jere. Mao Zhengcong, wanda aka haifa a 1940, ya yi fice wajen haɗa ruwan ƙyalli. Ye Xiaochun kuma ya shafe shekaru yana gwaji kafin a farkon shekarun 2000 ya maido da tsagar da ke kama da farfasasshiyar ƙanƙara hawa-hawa. A ƙarshen shekarun 1990 masana'antun gwamnati suka rushe, ma'aikatansu suka buɗe nasu wuraren, a 2006 kuma ƙasar Sin ta sa sana'ar cikin jerin gadon al'adunta na ƙasa.

Tulunan zamani sun kasu gida biyu. Akwai masu bin tsoffin siffofi: meiping mai faɗin kafaɗa da ƙaramin baki, da yuhuchun mai kama da gora, da tulun sandar bugu mai hannaye biyu da siffar tsuntsu, da mai kusurwa huɗu wanda ya kwaikwayi tsohon dutsen ibada da ake kira cong. Akwai kuma masu sabon salo, inda akan haɗa yumɓun ge da na di a tulu ɗaya, ko a bar wani sashe babu ƙyalli domin wuta ta mai da shi ja. Wani bambanci da zamanin da shi ne magini yana sa hatiminsa a gindin tulu, sunansa kuma shi ke yanka kuɗin. Maginin Song ba a san sunansa ba.

Babban sauyi yana wajen wuta. Tanderun gas mai ma'aunin zafi ya maye gurbin na itace a yawancin wurare. Ya rage asara, ya sa launi ya daidaita, ya kuma sassauta wa dazuzzuka. Sai dai yaron da ya tashi da shi ba ya bukatar karanta harshen wuta, alhali wannan karatu yana cikin abin da UNESCO ta karrama. Haka nan kayan kasuwa masu araha zuba su ake yi a mazubi, ba ginawa da hannu ba. Domin haka ne ake ci gaba da hura wasu tsoffin longyao na Baoxi lokaci-lokaci, ko da yake kayan da ke lalacewa a cikinsu sun fi yawa.

8.1 Alaƙa da Nijeriya

Wannan launi ya taɓa isowa Nijeriya ta wata doguwar hanya. Michael Cardew, wanda ya kafa cibiyar koyar da ginin tangaran a tsohuwar Abuja, wato Suleja, a farkon shekarun 1950, almajirin Bernard Leach ne, shi kuma Leach a Japan ya koyi sana'ar. Ladi Kwali ta shiga cibiyar a 1954. Ta ci gaba da gina tulunanta da hannu da zanen ƙadangare da kifi da kunama irin na Gbagyi, amma aka riƙa gasa su da wuta mai tsanani, wasu an shafa musu ƙyalli irin na seladon. Tulun ruwa ya koma tulun ado, ya yi nauyi, ya kuma daina sanyaya ruwa domin ƙyalli ya toshe ƙofofin yumɓun.

9.0 KAMMALAWA

An ga yadda koren tangaran ya faro daga tokar itace, ya kai ƙololuwa a Longquan a ƙarni na 12 da na 13, ya zaga duniya da sunaye iri-iri, sa'an nan ya durƙushe bayan da fada ta janye kuma kasuwa ta juya. An ga kuma cewa tulunan zamani sakamakon aikin maidowa ne wanda ya haɗa tsingaro da ɗakin gwaji da 'yan gidajen da ba su saki sana'ar ba. Kalmomi irin su mise da fenqing da ge sun rayu a takarda ƙarnoni da dama, amma ba su iya gasa ko kwano ɗaya ba sai da aka sami hannun da ya san wuta. Akwai abin lura a nan ga masu nazarin harsunan Nijeriya. Kalmomin magina da marina da majema da maƙera suna cikin ƙamusoshi, amma ƙamus yakan kawo suna ne ya bar awo da lokaci da motsin hannu. Tattara waɗannan kalmomi zai fi amfani idan aka yi shi a wurin aiki, daga bakin masu sana'ar, tun suna raye.